Bargon Ƙanƙarar Baba Dzarma

A unguwarmu ta Bolori, idan ka ambaci Baba Dzarma, kafin a tuna maka shekara talatin da ɗaya da ya yi yana aikin gwamnati, sai an fara tuna maka wandonsa. Mutum ya yi ta zama lafiya da jama'a, bai ci na kowa ba, rana ɗaya wando ya ba shi kunya, shi ke nan an samu abin riƙewa.

Ranar Lahadi ce cikin watan Afrilu, a shekarar nan da aka kayar da turakun lantarki, garin ya yi wata da watanni babu wuta. Azumi ya kama, ga zafi irin na Maiduguri, wanda ƙadangare ma sai ya ɗaga ƙafa ɗaya ya huta kafin ya sauke ta. Dzarma ya iso ƙofar cocinsu da wata jaka mai nauyi a kafaɗa. Tun da garin ya shiga abin da ya shiga, ba a shiga coci da jaka sai an duba, kuma mai dubawar shi ne Yoila, tsohon ɗan sanda, abokin Dzarma tun suna samari.

"Baban Justin, me ka ɗauko mana haka kamar mai ƙaura?"

"Ƙanƙara ce."

Yoila ya zuge jakar, ya ga bargo. Ya warware bargon, ya ga tsohuwar suwaita. Ya warware suwaitar, sai ga rabin bulon ƙanƙara a cikin leda.

"Ka san doka, ba a shiga da ƙunshi. Ban da doka ma, taimakonka zan yi. Wa ya taɓa lulluɓa wa ƙanƙara bargo a wannan zafin? Ai dafa ta za ka yi. Bar bargon nan, ka shiga da ita ta sha iska."

Dzarma ya dubi bargon, ya dubi layin mutanen da ke bayansa cikin rana. Ya bar wa Yoila bargon. Ya karɓi ledarsa ya shiga, ya zauna a benci na uku, ya ɗora ta a cinya don kada ruwa ya ɓata wa mutane daɓe, ya ɗora Littafi Mai Tsarki a gefe.

Rashin sa'a, ranar baƙon mai wa'azi aka yi, irin waɗanda idan suka ce "a ƙarshe" to yanzu aka fara. Ledar kuma ashe tana da huda. Da aka gama wa'azi aka kira Dzarma ya karanta sanarwa, don aikinsa ne duk mako, sai ya miƙe ya nufi gaba, farin wandonsa sharkaf daga ƙugu har gwiwa. Matan zumunta suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Shi kuwa ya karanta sanarwarsa tun daga taron dattawa har zuwa ranar sharar harabar coci, bai tsallake layi ɗaya ba, muryarsa ba ta sauya ba. Ya dawo ya zauna. Abin da ya rage a ledar bai fi ƙwan kaza ba.

Kafin la'asar labari ya iso majalisarmu ta gindin dogonyaro. An yi dariya, har masu azumi da ba su da ƙarfin dariyar sun taɓa kaɗan. Abin da ba a sani ba a lokacin shi ne, wannan rabin bulon shi ne na ƙarshe. Ya Gumsu, matar da ke sayar da ƙanƙara a bakin titi, injinta ya tsaya tun ranar Asabar, kuma mai gyara ya ce sai an kawo wani ƙarfe daga Kano. Ita ce ke ajiye wa Dzarma rabin bulo kullum da safe, ko da masu neman na buɗa-baki za su cika mata ƙofa. Ranar, a hanyarsa ta coci ya biya ya karɓa. A gida kuwa akwai kwalabe biyu ƙanana na allurar ciwon suga na matarsa Phoebe. An gaya masa a asibiti cewa maganin nan ba ya son zafi, in ya sha zafi ya zama ruwa kawai. An kuma ce masa kada ya dawo neman wani sai bayan kwana goma sha biyu, don ba a kawo ba.

Dzarma mutumin kudancin Borno ne, daga wani ƙauye a wajen Askira. Ya zo Maiduguri yana saurayi da takardar firamare da akwatin ƙarfe, ya samu aiki a wata sakandare, mai kula da ɗakin gwaje-gwaje. Shi ke wanke kwalabe, ya jera kayan aiki kafin malami ya shigo, ya kwashe bayan an fita. Malaman fiziks sun zo sun tafi, wasu sun zama manya, wasu sun koma sayar da takin zamani. Shi yana nan a kujerarsa ta bayan aji. Darasin zafi, wanda ake yi wa 'yan aji huɗu a zango na biyu, ya ji shi sau talatin da ɗaya. Babu wanda ya taɓa yi masa jarrabawa a kai, babu kuma wanda ya taɓa tambayarsa ko ya gane. Da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango da wani tsohon ma'aunin zafi na gilashi da aka daina amfani da shi. Agogon ya tsaya tuntuni. Ma'aunin yana aiki.

Da can, in ji waɗanda suka san shi, mutum ne mai surutu, har waƙa yake jagoranta a coci. Ɗansu ɗaya ne, Justin. Wata safiya, shekaru bakwai kafin maganar wandon nan, Justin ya hau mota zuwa wajen Konduga zai duba wata gona da suka kama haya, bai dawo ba. Ba a ga mota ba, ba a ga direba ba, ba a samu wanda za a tambaya ba. A garin nan ba su kaɗai ba ne, kowane layi da irin gidan. Tun daga nan Dzarma ya zama kamar ruwan randa. Ba ya fushi, ba ya dariya, in ka gaishe shi ya amsa daidai yadda ka gaishe shi, ba ƙari. Ana ci gaba da kiransa Baban Justin, shi ma yana amsawa.

Phoebe kuwa suga ya taɓa mata ƙafafu, ba ta jin su sosai. Wata rana ta taka garwashi a bakin murhu, sai da ta ji ƙauri sannan ta duba. Gyambon da ya fito bai gama warkewa ba, kuma an ce musu warkewarsa tana tare da allurar nan. In suga ya hau, ƙafar ce za ta biya. Bakinta dai lafiyarsa ƙalau.

"An ce ka yi wa coci ban-ruwa," ta ce da ya shigo ranar Lahadin.

"Ƙanƙarar ta narke."

"Na ji. Kafin ka iso mata uku sun zo duba ni, kowacce da labarin a bakinta. Cire wandon in shanya, Baban Justin, kada ka ƙara da mura."

A kular da yake ajiye maganin akwai sauran ruwan sanyi na jiya. Ya jefa ɗan guntun da ya rage, ya rufe, ya nannaɗe kular da zanen gado tunda bargon yana wurin Yoila. Ya san zuwa gobe da hantsi an gama.

Da yamma Yoila ya kawo bargon da kansa, ya zauna a majalisa yana ba da labari yana ƙara gishiri. Da Dzarma ya fito karɓa, aka tsare shi sai ya faɗi dalilin rufa wa ƙanƙara bargo. Rabon da mu ji ya yi doguwar magana irin ta ranar har mun manta.

"Bargo ba shi da zafi," ya ce. "Ka shimfiɗa shi a ɗaki ka dawo ka taɓa, ba za ka ji komai ba. Zafin da kake ji a cikinsa naka ne, hana shi fita ya yi. In ka rufa wa ƙanƙara, na waje yake hanawa shiga."

"To sanyin fa? Ba sai ya fita ya sha iska ba?" in ji Yoila.

"Sanyi ba ya zuwa ko'ina. Zafi ne mai tafiya. Kullum daga inda yake da yawa zuwa inda yake kaɗan, har sai sun yi daidai. In ka bar cokali a shayi, ta cikin ƙarfen yake bi ya iso hannunka. In iska ce ko ruwa, ɗaukarsa suke su kai gaba. Na rana kuwa ba ya neman abin hawa, haka yake faɗowa a kan kwano, kwanon ya sauke maka."

"Malam ya yi karatu," in ji Yoila. "Amma ni dai in na shiga bargo gumi nake."

"Kai ba ƙanƙara ba ne."

Ya ɗauki bargonsa ya shige gida. Aka bar Yoila yana neman wanda zai goyi bayansa, ya kuma samu, don rabin majalisar da shi suka yarda.

Washegari maƙwabciyarsu Hajara, matar wani tela Bakano, ta ji halin da ake ciki. Yayanta a unguwar Shehuri yana da firji mai aiki da hasken rana. Ta ce a ba ta maganin ta kai. Dzarma ya ba ta kwalba ɗaya, wadda ba a buɗe ba, ya riƙe wadda ake amfani da ita. Ya ce a sa ta a ƙasa, wurin da ake ajiye tumatir da alayyahu. Hajara ta kai saƙo yadda aka ba ta. Amma mutanen gidan masu karamci ne. Uwargidan ta ce ina aka taɓa ajiye maganin mutum, baƙo kuma, tare da kayan miya? Ta kwashe ƙullin zoɓonta daga can sama inda ruwa ke daskarewa, ta ba kwalbar wuri mafi daraja.

Bayan kwana biyu Dzarma ya je dubawa, aka miƙo masa kwalba kamar dutse. A asibiti an gaya masa wannan ma: in ya daskare ya lalace, ko ya narke ba a yin allura da shi. Ya yi godiya, ya tambayi lafiyar yara, ya sa kwalbar a aljihu ya hau keke mai ƙafa uku ya dawo. Hajara ce ta yi kukan. Shi ya ce mata ba komai, alheri suka yi niyya.

Saura kwalba ɗaya ke nan, da kwana tara. In an bi a hankali za ta kai. In ta lalace babu wata.

Tun ranar Litinin ɗin, da ruwan kula ya huce, ya riga ya fito da wata tsohuwar randa daga bayan ɗaki. Ya samo ƙaramar tukunyar ƙasa ya zaunar a cikinta, ya cika tsakaninsu da yashin da ya roƙo a wurin masu gini, ya jiƙa yashin. Kwalbar ya sa ta cikin safa, safar cikin gwangwani, gwangwanin cikin tukunya, tare da ma'aunin zafinsa. Ya rufe bakin da jiƙaƙƙen buhu. Bai ajiye ta a ɗaki ba, don kwanon ɗakin da rana kamar tanda yake. Sai ya kai ta zaure, tsakanin ƙofar waje da ta ciki, inda iska ke ratsawa.

Yoila ya zo wucewa ya tsaya.

"Baban Justin, dattijon coci guda, ka koma binne laya?"

"Gumi take yi."

"Wa?"

"Randar. In ruwa zai tashi ya bi iska, sai ya ɗauki zafi ya tafi da shi. Shi ya sa in ka yi gumi iska ta taɓa ka kake jin daɗi. Ruwan yashin yana tsattsafowa ta jikin randa yana tashi, zafin da yake tafiya da shi daga ciki yake ɗiba."

Ya zaro ma'aunin ya nuna masa: ashirin da bakwai. Ya riƙe shi a iskar zauren na ɗan lokaci, jan layin ya hau har arba'in da biyu. Yoila ya duba, ya sake dubawa, ya ce gilashin tsoho ne.

A asibiti an ce masa kada zafin wurin maganin ya wuce talatin. Tsakanin ashirin da bakwai da talatin ba nisa, don haka Dzarma ya ɗauko kujera ya tare a zaure. Aikin ba wuya gare shi ba, sai naci. Yashi ba zai bushe ba, buhu ba zai bushe ba, rana kuma in ta karkato ta ƙofa da la'asar sai a ja randar baya. Ruwa a lokacin ya yi wuya, don injinan rijiyoyin burtsatse ma wuta suke jira, 'yan garuwa kuma sai wanda suka ga dama. Ruwan wankansa ya koma na randa. Phoebe ta ce ta lura, unguwa ma ta lura. Hajara ta riƙa aiko da jarka ɗaya kullum da hantsi, ba ta shigowa, tana ajiyewa a bakin ƙofa ta juya. Ya Gumsu ta biyo sau ɗaya da mayafinta har ƙasa, ta gaishe shi da yarensu.

"Wushe, Ba Dzarma. Ƙarfen bai iso ba. Sun ce Laraba."

"Wace Larabar?"

"Ba su faɗa ba."

"To Allah ya kawo."

Ta leƙa randar, ta taɓa buhun, ta ce in dai wannan abin ya yi aiki kada ya koya wa kowa, kasuwarta zai kashe.

Haka kwanaki suka yi ta wucewa, kowace kamar ta jiya. Safe da yamma ya fito da kwalbar, ya ɗaga ta a haske ya duba, ya yi wa Phoebe allura, ya mayar. Masu wucewa suka saba da ganinsa zaune kusa da randa da moɗa a hannu, kamar mai jinyar da aka hana shi magana. Ba ya karatu, ba ya jin rediyo. In ka tambaye shi yaya jiki, sai ya gaya maka lamba.

Ana saura kwana uku, sai gari ya sauya. Hadari ya taso daga gabas ya tsaya, bai zubar ba, bai wuce ba. Iska ta ɗauke ɗif. Irin ranar nan da gumi ke zama a jikin mutum ya ƙi bushewa. Abin da ya sami mutane shi ya sami randa: iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta karɓar wani. Da azahar ma'auni ya nuna ashirin da tara. Kafin a yi kiran la'asar ya taɓa talatin.

Dzarma ya shiga ciki ya ɗauko mafici. Ya dawo ya zauna ya fara yi wa randa fifita. Hannun dama ya gaji ya koma hagu. Phoebe ta jawo tabarma ta zauna a bakin ƙofar ciki, ta miƙe ƙafar mai gyambo, tana kallonsa.

"Shekara arba'in da aure," ta ce, "ko ranar da na haihu ba ka yi mini fifita ba. Yau ga tukunya ta samu."

"Ke ba a ce kada ki wuce talatin ba."

"Da an faɗa ma ba za ka yi ba."

Ya ci gaba da fifita. Can ta ce, ba da wasa ba wannan karon, "In ya lalace, ya lalace, Baban Justin. Ba kai ka kashe wuta ba."

"Bai lalace ba tukuna."

Yoila ya shigo da niyyar tsokana, ya ga yadda ake, ya ja bakinsa ya rufe. Ya ɗan tsaya, sannan ya cire murfin wani kwali ya durƙusa ta ɗaya gefen. Tsofaffi biyu suna yi wa randa fifita. Jan layin bai sauka ba, amma bai ƙara hawa ba. Yana nan a talatin kamar an kafa shi da ƙusa. Wajen ƙarfe biyar da rabi hadarin ya watse ba tare da ɗigo ɗaya ba, busasshiyar iska ta dawo ta ƙofa. Kafin masu azumi su sha ruwa ma'aunin ya koma ashirin da takwas. Dzarma ya ajiye maficin, ya ƙara wa yashi moɗa biyu. Yoila ya miƙe da ƙyar yana dafa ƙugu, ya ce shi dai har yanzu bai yarda da maganar bargo ba.

Ranar da aka ce su koma asibiti suka koma. Aka auna sugan Phoebe, ya ɗan hau amma ba irin hawan da ake tsoro ba. Nas ɗin ta warware ƙafar ta duba, ta ce gyambon bai ci gaba ba, a ci gaba da wankewa. Aka ba su sababbin kwalabe. A tsohuwar, abin da ya rage bai kai na allura ɗaya ba. Ba su yi wata murna ba. Sun dawo gida, Phoebe ta kwanta, shi ya jiƙa yashi ya sa sababbin a gwangwani. Injin Ya Gumsu bai tashi ba sai bayan salla.

Yau shekaru sun ɗan ja. Wuta takan zo takan tafi. Phoebe tana takawa da ƙafafunta biyu har kasuwa, a hankali, tana faɗa da masu tumatir. Akwai gidaje huɗu ko biyar a layin da za ka ga randa da jiƙaƙƙen buhu a zaure, wasu magani ne a ciki, wasu alayyahu, kuma kowa cewa yake dabarar kakarsa ce. Dzarma bai taɓa musu ba. Yakan fito majalisa bayan la'asar ya zauna a ƙarshen benci, a yi ta hira yana kallon titi.

Kwanan baya, hira ta mutu, Yoila ya rasa abin tayar da ita, sai ya juya kan Dzarma.

"Baban Justin, tsakaninka da Allah, awa biyu ƙanƙara na zuba a cinyarka, ba ka ji komai ba? Ko kunyar ma ba ka ji ba, da ka tsaya gaban matan zumunta?"

Dzarma ya ɗauke ido daga titi ya dube shi.

"Wando ai an shanya ya bushe," ya ce. "Abin da na tsaya ina tunani a gaban nan daban ne. Ba iskar coci kaɗai ta narkar da ita ba, yawanci daga cinyata ta ɗiba. Ban san akwai sauran zafi a jikina da zai cinye rabin bulo ba."